Tagar da Na Toshe da Buhu

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga 'yar gidan Goggo. Gaisuwa mai yawa tare da addu'a. Allah ya sa motar da kuka shiga ta sauke ku Kano lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ke da maigidanki, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Babanki yana gaishe ki. Ya ce in gaya miki kada ki sakar wa 'yan tasha kayanki, ni kuwa na ce masa wadda ta girma a bakin boda ba a koya mata wannan.

Na san za ki yi mamakin wagga takarda. Shekara goma sha tara ke nan ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba, sunanki ma ban taɓa kira ba. Ke ce ta fari, haka muka taras ana yi, haka na yi. Duk Illela babu wanda ban tsokana ba, daga matar mai unguwa har mai sayar da gishiri, ke kaɗai kika tsira daga bakina. To yau tawada za ta yi abin da baki ya kasa. Da ajami na rubuta, shi na iya. In boko ya sa kin fara mantawa, ki zauna ki tuno. Kada ki ba kowa ya karanta miki, ko maigidanki, sai kin gama ke kaɗai.

Ranar da kuka zo sallama, maigidanki ya ce an samo miki aiki a kamfanin takalma inda yake aiki, a ɓangaren da mata ke shafa gam. Goggo ta ce, "Ba ki tsoron warin nan?" Kika ce, "Haba Goggo, ni da na tashi cikin warin sholisho? Ai gado na yi." Kowa ya yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Da na shiga ɗaki na zauna bakin gado har kuka tafi. Abin da kika kira gado shi nake so in buɗe miki, ki gani da kyau kafin ki karɓa.

Kina shekara shida na fara aikin, bayan ƙyanda ta ɗauke ƙanenki. Zaman gida ya ishe ni, sai ƙawata Tumba ta ce in zo ɗakin bayan gidansu, inda wani mai takalma ke kawo wa mata aiki. Mu biyar ne. Ana kawo mana ƙasan takalmi na roba da saman fata a buhu. Mu shafa sholisho da ɗan yatsa, mu jira ya yi danƙo, mu manna, mu daddanne da gindin kwalba. In gam ɗin ya yi kauri a gwangwani sai mu tsinka shi da tina, ruwan nan fari mai kama da kananzir. Ranar Lahadi a kwashe a kai kasuwa, sauran su ƙetare boda zuwa Konni.

Ɗakin yana da taga ɗaya, tana kallon garka. Iska na shigowa ta nan, sai gam ya riƙa bushewa a bakin gwangwani tun ba mu yi nisa ba. Ni ce mai wayo. Na nannaɗe buhu na cusa a tagar, na sauke asabari a ƙofa, na ce, "To yanzu sai in ga ta inda iska za ta zo ta sha mana gam." Matan suka yaba. Mai takalman da ya ji labari ya aiko min da goro. Shekara goma muna aiki buhun nan na wurin, har gizo-gizo ya yi masa ado. Babu wanda ya tilasta mana, hannuna ne ya sa shi.

Don haka abu na farko, ranar da kika shiga wurin aikin nan, kafin ki dubi fuskar kowa, ki dubi bango. Taga nawa ce, a buɗe suke ko a rufe, akwai fanka mai fitar da iska waje ko babu. Ki zauna inda iska ke fara taɓa ki kafin ta taɓa gwangwani. In wata mai wayo irina ta tashi za ta rufe taga don gam na bushewa, ki ce mata gam ɗin ya bushe, akwai wani a sito. Gwangwanin da ba a aiki da shi kuwa a mayar masa da murfi.

Warin yana da wani abu da ba za a gaya miki ba. Da farko yana sara kai, daga baya ya daina, sai ki ji jikinki ya yi sakayau, komai ya zama abin dariya. Wajen azahar ɗakin nan kamar gidan biki yake. Ni kuwa kin san hali. In wata ta fara gyangyaɗi sai in tsoma tsumma a tina in kai mata hanci, ta zabura tana tari, mu kwashe da dariya. Rannan Tumba ta miƙe za ta ɗauko buhu, ta yi taga-taga ta zube kan takalma. Maimakon in ɗaga ta, sai na tashi na kwaikwayi faɗuwar, har da murguɗa ido. Da ta farfaɗo ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, Kande. Ɗakin ne ke juyawa da ni." Na ce, "Awo, riƙe shi da kyau kada ya kai ki Konni ba takarda." Ita ma ta yi dariya. Wata biyu bayan nan ta yi ɓari. Ban haɗa biyun a raina ba, ko sau ɗaya.

Da tina muke wanke hannu, don ruwa ba ya fitar da gam. Mu goge a zane, mu sa hannun cikin kwanon ɗanwake a nan inda muke zaune. Fatar yatsuna ta tsattsage, ta yi fari kamar ta mai wankau. Da wanga zanen nake dawowa gida in shiga madafa, da shi nake jawo ki in tsefe miki kai. Shi ne warin da kika ce kin tashi a ciki.

Ke kada ki yi haka. Jiri ba wasa ba ne, in kin ji shi ki fita waje ko da shugaban aiki na tsaye. Kada ki wanke hannu da tina. Ki murza man gyaɗa, gam ɗin zai saki, sannan ki bi da sabulu. In suna ba da safar hannu ki sa, ko za a kira ki 'yar gayu. Kada ki ci ko goro a cikin ɗakin. Ki ware riga da zane na aiki, ki tuɓe su a can, ki wanke su daban, ki shanya a rana. Kuma ranar da kika ji warin ya daina damunki, kada ki yi murna. Hancin ne ya gaji da yi miki gargaɗi.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Da da baki ne da ba zan iya ba.

A shekara ta uku da fara aikin, al'adata ta fara wasa da ni. Da can kamar ganin wata take, ba ta saɓa. Sai ta koma ta zo yau, ta ɓace wata biyu, ta dawo kwana ɗaya kamar ta leƙo ta gaishe ni. Kin san mi na yi? Alfahari. Azumin shekarar na yi shi cur, babu fashin salla ko na yini ɗaya. Bayan salla matan suna ta ramuwa, ni ina cin gyaɗa a gabansu ina cewa, "Ku dai ku yi ta fama, ni Allah ya ɗauke min." Allah ya yafe min wannan magana.

Daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Wata huɗu shiru, na ce ciki ne. Na gaya wa babanki, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Lahadi na zagayowa ya shigo da ɗan rago fari mai baƙin kunne, ya ɗaure shi gindin dalbejiya, wai na suna. Wata tara suka cika, cikina shafe kamar faifai. Tsofaffi suka taru suka duba ni, suka ce ai ciki ne ya kwanta, ana yin haka, yaro kan yi barci a ciki shekara biyu ko uku, in ya ga dama ya tashi. Na karɓa hannu biyu, don ya fi min daɗin ji. Na sha rubutu. Na je Amarawa wajen wata tsohuwar Bafulatana ta ba ni saiwoyi na dafa da nono. Na sayi saƙi mai kyau na ɗinka majanyi na ninke a ƙasan adaka. Kowace safiya kuma in koma ɗakin nan in zauna gaban gwangwani, ina shafa cikina da hannun da ke warin tina, ina ce wa matan, "Ku rage surutu, malam na barci."

Shekara huɗu, 'yar nan. Ragon ya girma, ƙahonsa ya murɗe, ya fara tunkuyin baƙi. Kin tuna shi, ke kike ba shi dusa. Na sa masa suna Mai Jiran Gayya, unguwa duka ta ɗauka. Babanki bai taɓa ce min komai ba. Rannan dai da hantsi na fito na tarar da shi tsugune gaban ragon yana duba haƙoransa, ya ɗago ya ce, "Ya fara tsufa."

Tumba ta riga ni hankali. Bayan ɓarinta na biyu ta ce ita ta bar aikin, jikinta ba ya son ɗakin. Mijinta ya mayar da su ƙauyen Gidan Katta suka kama noma, ɗakin kuwa aka bar mana shi. Ranar da za ta tafi na raka ta bakin hanya ina ce mata ragguwa, wai wari ya kore ta. Ta ce, "Kande, ki cire buhun nan." Na ce, "In na cire ki aiko min da iskar Gidan Katta in toshe da ita." Shekara ɗaya da rabi sai ga saƙo, ta haifi namiji. Na je suna. Ta ja ni gefe ta ce wata bakwai da barin ɗakin al'adarta ta dawo daidai. Na ce mata ruwan ƙauye ne ya karɓe ta.

Ita ce dai ta matsa har na yarda muka je babban asibiti a Sakkwato. Wata malamar asibiti, babbar mace mai tabarau, ta duba ni, ta danna cikina, aka auna fitsari. Ta ce, "Babu ciki, baiwar Allah. Ba na kwance, ba na tsaye." Sannan ta kamo hannuna ta juya shi, ta kai hanci. Ta ce, "Mi kike aiki da shi?" Na gaya mata. Ta tambayi shekara nawa, da girman ɗakin, da taga. Da na zo kan buhu sai ta cire tabarau ta dube ni.

Ga abin da ta ce, yadda na riƙe shi. A gefen mahaifa akwai wasu 'yan jakunkuna biyu inda ƙwan haihuwa yake. Su ne ke sakin wani sinadari cikin jini, shi ke gaya wa jikin mace lokacin al'ada ya yi, shi ke shirya mahaifa ta karɓi ciki ta riƙe. Abin da ake shaƙa daga tina da gam ba ya tsayawa a hanci. Yana bi ta huhu da fata ya shiga jini, kuma ana zaton yana iya rikita wancan saƙon, jakunkunan su rage aiki. Ta ce, "Ba zan rantse miki cewa shi ne ba, akwai wasu dalilai da ke kawo haka. Amma da ƙanwata ce ke, daga yau ba ki sake shiga ɗakin nan."

Kin san mi na yi da maganarta? A motar dawowa na ɗauki karan dawa na lanƙwasa na yi tabarau, na riƙa kamo hannun matan da ke cikin mota ina shinshina ina cewa, "Mi kike aiki da shi?" Mota duka ta ɗauki dariya, har direba. Tumba kaɗai ta juya fuska tana kallon gonaki. Washegari na koma aiki. Na ce a raina, mace da ba ta taɓa manna takalmi ba mi ta sani. Gaskiyar ita ce, in na yarda da ita, to na yarda babu kowa a cikina, kuma ni na toshe tagar.

Ba ni na bar aikin ba, shi ya bar ni. Shekarar da aka rufe boda takalma suka daina ƙetarewa, mai takalman ya daina kawo buhu. Wata biyar ina zaune gida sai ga jini, kaɗan, kwana biyu. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, don a ranar na tabbata babu mai barci. Ya sake zuwa sau uku a shekarar, daga nan bai ƙara ba. Sai wani zafi da ke taso min daga ƙirji zuwa fuska da rana tsaka, gumi ya jiƙa min kallabi. Na koma wajen mai tabarau da ƙafata, ba wanda ya ja ni. Ta gane ni. Ta ce abin da nake ji na matan da suka kusa hamsin ne, ni kuwa ban kai talatin da biyar ba. Ban kwaikwaye ta a mota ba a wannan karon. Da layya ta zo na ce wa babanki ya yanka ragon. Naman ya yi tauri, kika yi ta ƙorafi, na ce miki haƙoranki ne ba su da ƙarfi.

Ba zan yi miki ƙarya don in tsorata ki ba. A cikinmu biyar akwai wadda ta yi ta haihuwarta lafiya har aka watse. Haihuwa ta Allah ce, shi ke bayarwa, shi ke hanawa. Amma shi ne kuma ya ba ni hanci ya yi ta sara min kai, ya ba ni ƙawa ta faɗi a gabana, ya ba ni mai ilimi ta kama hannuna ta gaya min. Sau uku ana ƙwanƙwasa min, ina mayar da shi wasa. Ba na so in tsaya gabansa in ce ban faɗa wa ɗiyata ba.

Ga abin da nake roƙonki. Ki sa maigidanki ya nema miki wani ɓangare, ɗinki ko shirya takalma a kwali, ko da abin da ake samu bai kai na masu gam ba. In bai samu ba kuma dole sai nan, to ki riƙe duk abin da na lissafa miki a sama, ki ƙara da wannan. Ki nemi ɗan gwangwani mai tsabta. Daga ranar da kika yi wanka, kullum ki jefa ƙwallon dabino ɗaya, ranar da al'ada ta dawo ki zazzage ki ƙirga. Ke mai boko ce, in kin fi son takarda ki rubuta, amma ki san kwanakinki kamar yadda kika san lokutan salla. In suka rikice wata biyu a jere, kada ki je wajen tsofaffi tukuna, kada ki yi murnar cika azumi. Ki je asibiti, kuma kafin su tambaye ki ki gaya musu abin da kike shaƙa. In aka ce ciki ne na gaske, ranar ce ranarki ta ƙarshe a ɗakin gam, ko mi za a ce. Kada kunya ta hana ki gaya wa maigidanki. Ni na bar babanki yana kiwon rago shekara huɗu, bai cancanci haka daga gare ni ba.

Matan da za ki taras a can, za a sami mai baki irina, wadda ke sa kowa dariya. Ki so ta, irinmu ba mu da mugunta. Amma in wata ta yi taga-taga, ke ki zama mai kama ta ki fitar da ita iska. In sun yarda su saurara, ki ba su labarin ragon. Na yafe, ki faɗa har da sunana.

Ki duba ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan da Goggo ta jera. Akwai ƙullin da ba ta san da shi ba. Majanyin nan ne. Ban taɓa goya kowa da shi ba, sau ɗaya na wanke shi, kuma bai taɓa shiga ɗakin bayan gidan su Tumba ba, ki shinshina ki ji. Ba matsa miki nake ba, lokaci na Allah ne. Ina dai so ya zauna wajen wadda har yanzu ƙofarta ke buɗe.

Jiya na bi ta gidan. Ɗakin ya zama na ajiyar harawa, amma buhun na nan a tagar. Na roƙi matar gidan ta ba ni turmi na taka, na fizge shi. Ya ruɓe, ya zubo min a ka, ta tsaya tana kallona kamar na zare. Na ce mata iska nake buɗe wa akuyoyinta.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki. Ya tsare numfashinki da jininki da abin da ke cikin jikinki wanda ido ba ya gani. Ya sa albarka a aurenki da neman halalinki, ya ba ki kunnen da ni ban yi amfani da shi ba. Ki gaida maigidanki. In an samu mai zuwa Illela ki aiko da amsa, ko layi biyu ne, ki gaya min taga nawa ce a wurin.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo min da ke lafiya, Rakiya.

Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Kada dai ki gaya wa Goggo.

Ni ce Innarki.